Kunne Ɗaya na Waya, Ɗaya na Gida

Mu mutanen Simsim ta ƙasar Gadarif a Sudan kunne ɗaya muke ba waya. Duk wanda ya zaga unguwanninmu bayan la'asar zai gani da idonsa. Ga saurayi kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ya sa samma'a ɗaya a kunnen dama, 'yar'uwarta tana reto a ƙirjinsa. Ga matar gida tana tuƙin asida, ta tura ɗaya ƙarƙashin ɗankwali, ta bar ɗaya kunnen saboda goyon da ta kwantar a ɗaki. Hatta dattijon da ke jiran labaran dare haka yake yi. Samma'a dai ita ce abin da 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi ke kira iyafis, kuma ba wanda ya tara mu ya koya mana mu riƙa raba ta biyu. Zaman gida ne ya koya mana.

A gidan Bahaushe kunnen mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Baƙo zai tsaya a bakin zaure ya yi sallama, kuma abin kunya ne ya yi sau uku ba a amsa ba alhali yana hango ƙafafun mai gida ta ƙasan danga. Ladan zai kira salla. Akuyar maƙwabta za ta faɗo inda aka shanya riɗi. Uwa kuwa ba ta kiran ɗanta na fari da suna, balle ta ɗaga murya. "Kai, zo nan" kawai za ta ce, a hankali, sau ɗaya, tana kuma sa ran a ji. Yaron da ya cusa roba a kunnuwansa biyu bai ji ba. Ita ba za ta ce bai ji ba, cewa za ta yi ya raina ta. Ɓacin ran da 'yar robar nan ta jawo a gidajenmu ba kaɗan ba ne, kuma yawancinsa ba wanda ya yi niyyar ɓata wa wani.

Iyayenmu ba su san wannan matsala ba, domin a taro suke sauraro. Rediyo ɗaya ce a zaure, mai cin manyan batura, a zaro eriya a yi ta murɗawa har a kamo Landan, inda Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, ko Muryar Jamus, ko a juya Omdurman a ji A'isha al-Fallatiyya, 'yar gidanmu da ta kasance cikin matan farko da suka yi waƙa a rediyon ƙasar nan. Kowa ya ji abu ɗaya, a tattauna, a watse. Da kaset ya zo, aka riƙa shigo da Shata da Ɗanƙwairo da wa'azin malaman Najeriya a jakar matafiya, shi ma a taro ake ji. Waya ce ta raba mana abin ji. Wannan tana bin shirin Daɗin Kowa, wancan hankalinsa na kan ƙwallon Hilal da Marrikh, Inna tana jiran saƙon murya daga Jidda, gardi yana bitar haddarsa da muryar marigayi Shaihu Nurain Muhammad Siddiƙ. In kowa ya saki nasa a lasifika, ba mai jin nasa, ba mai jin na wani.

Daga 15 ga Afrilu 2023 abin ya ƙaru. Yaƙi ya koro 'yan'uwa daga Hartum, faɗuwar Madani a Disamban shekarar ta ƙaro wasu, na Sinja suka biyo baya a tsakiyar 2024. Gidan da ke da guttiya, wato bukkar jinka, biyu ko uku ya wayi gari da ninkin mutanensa, ana kwana kafaɗa da kafaɗa. Ga kuma irin labarin da ba ka son tsohuwa ta fara ji daga bakin waya kafin ka zauna kusa da ita ka faɗa mata da bakinka. Ta haka samma'a ta tashi daga kayan ƙwalisar samari ta koma kayan gida, ana aron ta kamar yadda ake aron caja.

Sai dai dabarar tamu ta kunne ɗaya tana da illa, kuma gara mu gaya wa juna gaskiya. Kunnen da aka bari a buɗe yana kwaso hayaniyar tsakar gida, sai mutum ya ƙara sauti don ɗayan ya rinjaya, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ya ƙure maɓallin bai sani ba. Kullum kunne ɗaya ke shan dukan, galibi na dama. Ban da wannan, waƙoƙin zamani ana raba kiɗansu ne hagu da dama, mai kunne ɗaya wani ɓangaren ba ya iso masa. Muna so mu ji waya da kyau, muna so mu ji gida, mun kuma ɗauka dole sai an sadaukar da ɗaya. Ashe akwai abin da ke biyan wannan buƙatar, an ƙera shi tun kafin a haifi yawancinmu.

Wani ɗan unguwarmu da yaƙi ya katse wa karatun jami'a ya dawo gida da wata babbar samma'a mai ɗamara a ka, bayan kowane kunne raga ce, kana hango kayan cikinta. Ranar da ya fito da ita majalisar jabana, inda ake shan gahawa, kawunsa ya karɓa ya jujjuya ta a hannu.

"Kai, wannan ai an cuce ka. Ba su gama rufe ta ba suka sayar maka."

"Kawu, haka aka yi ta. Ka dai sa ka ji."

Kawun ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sa, yaron ya kunna masa karatu. Ya yi shiru yana kaɗa kai. Can mai jabana ta ce daga gefe, ba da ƙarfi ba, "Baba, a ƙara maka?" Sai ya miƙa mata finjali bai taɓa samma'ar ba. Sannan ya ankara.

"Ikon Allah! Ga Shaihu ina ji kamar a gabana yake zaune, ga ki ke ma ina ji."

Wani dattijo da ke kusa da shi ya ce, "Ai mu ma muna jin Shaihun, Alhaji."

Aka yi dariya. Amma duk abin da za a faɗa game da buɗaɗɗiyar samma'a, alherinta da aibinta, su biyun nan sun gama faɗa.

Yadda abin yake ba wuya. A cikin kowace samma'a akwai maganaɗisu, da siririn zaren tagulla a nannaɗe, da wata 'yar fata ta leda wadda wutar waya ke sa ta rawa. Rawar nan ita ke tura iska ta zama sauti, kuma gaba da baya take turawa. In an rufe bayan da ƙoƙo, sautin da ya yi baya ba shi da mafita, sai ya bugi bango ya dawo, ya ƙara wa ganga nauyi amma ya ɗan dagula murya. In kuwa raga aka sa, sai ya fice abinsa, sautin waje ma ya shigo. Bambancin hira a ɗakin kwano da aka kulle da hira a ƙarƙashin rakuba ke nan: muryar ɗaya ce, amma a rakuba ba ta dawo maka, iska na ratsawa, kana kuma jin mai wucewa. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da irinta, samfurin HD 414, a 1968. Shekarar ce aka kafa hukumar noman injina ta Sudan, Bankin Duniya kuma ya ba da bashin da aka yanka manyan gonakin Simsim da shi. Wato ba sabon yayi ba ne, sa'ar gonakinmu ce, mu ne dai ba ta iso gare mu da wuri ba.

Abin da ya sa nake ganin ta dace da mu fiye da yadda ta dace da waɗanda aka ƙera ta dominsu shi ne irin abin da muke ji. Murya muke ji. Karatu, tafsiri, labarai, saƙon 'yan'uwa, waƙar da baitinta ya fi kiɗanta muhimmanci. Buɗaɗɗiya ba ta da wannan dukan ƙirjin da samari ke so, ƙasan ganga yakan yi mata rauni, wannan gaskiya ne. Amma a murya da wuya rufaffiya mai kuɗi ɗaya da ita ta kamo ta. Almajirin da ke gyaran karatu zai rarrabe sinun da sadi, ya ji inda mai karatu ya ja numfashi. Mai son Ɗanmaraya zai ji kuntigi yana magana shi kaɗai, bai cakuɗe da murya ba. Ga kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura 40 a ƙasar Gadarif, rufaffiya mai matashin roba kuwa kafin a gama sura ɗaya gumi ya jiƙa bayan kunne, in ta ga rani biyu sai robar ta fara ɓarewa tana liƙe wa mutum a gashi. Mai raga da matashin yadi ko na soso tana barin kunne ya sha iska.

Yanzu aibin. Abin da dattijon nan ya faɗa ba wasa ba ne: tana zuba. Wanda ke kwance kusa da kai a guttiya zai ji abin da kake ji, ba da ƙarfi ba, amma zai gane muryar. Da rana a tsakar gida ba wanda zai lura. Da dare, lokacin da garin ya yi tsit, sai ka rage sosai, kuma abin daɗin shi ne a shirun dare ɗan kaɗan ya isa. Saƙon da ke tsakanin miji da mata, ko maganar bashi, ko labarin rasuwa, wannan ba na buɗaɗɗiya ba ne. A cire igiya, a kara waya a kunne, a koma bayan ɗaki kamar yadda muka saba.

Aibi na biyu ya fi damuna, saboda sana'armu. Mu mutanen tarakta ne. Da saukar damina ana jan diski dare da rana don a riga laka, a Disamba da Janairu injin sussukar dawa ba ya hutawa. Tsohuwar tarakta marar ɗaki ƙararta kan haura desibel 90, kuma na sha ganin yaran da ke tuƙa ta sun sa samma'a sun ƙure sauti don ya danne ƙarar inji. Wannan ƙara ne a kan ƙara. A can buɗaɗɗiya ita ce mafi muni, domin ba ta tare komai. Haka wajen injin niƙa, haka a bayan lori a hanyar Gadarif. Mai wannan aiki abin toshe kunne yake bukata, na soso mai araha ko babban na ma'aikata, ba waƙa ba. Buɗaɗɗiya ta gida ce, a gida za a bar ta.

Na uku ƙura. Inda iska ke shiga nan ƙura ke shiga, mu kuwa mun san guguwar habub, mun san ƙaiƙayin dawa lokacin casa. Maganaɗisun ciki yana jan duk wani ɓurɓushin ƙarfe, gashi ɗaya ma in ya kwanta a kan fatar sai ka ji tana zizza. Maganinsa 'yar jakar yadi mai zariya, irin wadda tela zai ɗinka da ragowar atamfa. An gama ji, a jefa ta ciki, a rataye a sama inda yara da ɓera ba sa kaiwa, ba kuma daidai inda jinka ke ɗiga da damina ba.

To, wacce za a saya, ga kuɗinmu ba ya kwana a farashi ɗaya?

Mafi araha tana nan a gabanmu mun raina ta. Tsohuwar samma'ar nan mai faɗin kai kamar maɓalli, wadda ke zuwa da wayoyin Nokia a da, wadda ke zama a bakin kunne ba ta shiga ciki, ba ta da roba: ita ma buɗaɗɗiya ce. Ba ta toshe rami, don haka za ka sa biyun kuma ka ji sallama. Masu shago sun fi tura wa mutum mai robar saboda ta fi duka, samari na gwadawa su ji ganga sai su miƙa kuɗi. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi mai maɓallin, in da ɗan soso a kanta ya fi, ya wadatar ga labarai da saƙon murya.

Sama da ita akwai mai maƙalawa a bayan kunne, ba ɗamara. Sananniya a wannan fanni ita ce KSC75 ta kamfanin Koss na Amurka, wadda a can ba ta da tsada, kuma masu harkar sauti sun daɗe suna yabon ta a kan kuɗinta. Ina ganin wannan sigar ce ta fi dacewa da shigarmu. Ɗamara da hula ba sa shiri, balle rawani. Kun ga sai da kawun nan ya tuɓe tasa. Mata kuwa ɗamara na danne kitso, ba ta kuma zama a kan ɗankwali. Mai maƙalawa tana shiga ƙarƙashin hijabi ta zauna lafiya. Yayarta mai siririyar ɗamara, Porta Pro, tun 1984 ake ƙera ta ba a sake mata fasali ba, ana kuma naɗe ta ta shiga aljihun jallabiya.

Wanda ke son babba mai rufe kunne gaba ɗaya, akwai Superlux HD681 da Samson SR850, waɗanda rabi-da-rabi ne, ba su buɗe duka ba, ba su rufe duka ba, suna kuma cikin masu sauƙin kuɗi. Sai Philips SHP9500, wadda ta fi su tsada amma tana da abin da na fi daraja a samma'a: igiyarta na cirewa. Duk wanda ya taɓa mallakar samma'a ya san ba ta mutuwa daga kunne, daga igiya take mutuwa, daidai wuyan da ke shiga waya. Yaro ya fizga, ko ka miƙe ka manta wayar na kan tabarma. In igiyar na cirewa sai ka sayo wata a kasuwa ka soka. In ba ta cirewa sai an kai wa mai gyaran waya ya yanke ya liƙa da dalma, wanda zai yiwu, amma siraran wayoyin ciki ba kowa ke iya kama su ba.

Akwai lamba ɗaya a jikin kwali da bai kamata a tsallake ba, wato om. Wayar hannu ƙarfinta kaɗan ne. Samma'a mai om 32, kamar Philips ɗin nan da Samson, ko mai 60 kamar na Koss, waya za ta iya tura ta. Amma akwai manya masu suna, irin Sennheiser HD 600 mai om 300, waɗanda sai da na'urar ƙara ƙarfi suke nuna kansu. Ɗan'uwa a Saudiyya zai iya kashe kuɗi mai yawa ya aiko da irin wannan don ya faranta maka, ka soka a 'yar Tecno, ka ji ta can ƙasa-ƙasa, ka ɗauka ta lalace a hanya. Ba ta lalace ba, wayar ce ba ta iya ɗaukar ta. A nan tsada ba ta taimake ka ba. Ana cewa araha ba ta ado, to a wannan harka wani lokacin mai arahar ce daidai da kayan da ke hannunmu.

Waɗannan sunaye ba a ranar kasuwarmu za a same su a kan tebur ba, har a shagunan Gadarif sai an dace. Yawanci saƙo ake bayarwa, daga Jidda ko Alƙahira ko Dubai, ta hannun mai zuwa. Abin da ya cika kasuwa kayan da ba su da uba ne, kwali mai ƙyalli da babban suna a kai. A cikinsu akwai na kirki, akwai masu ragar ƙarya, wadda ado ce kawai, bayanta roba a toshe. Gane ta ba wuya. Ka ɗaga ta saitin rana, ka ga ko haske na ratsa ragar. Sannan ka sa ta, ka kunna karatu, ka rufe bayan kunnuwan biyu da tafin hannunka. In buɗaɗɗiyar gaske ce nan take muryar za ta sauya, ta shaƙe. In ba abin da ya sauya, ajiye masa kayarsa. Ka tafi da wayarka da abin da ka saba ji, kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, don ya san wadda ke ɓoye aibin kayansa. Ka sa wanda ya raka ka ya yi maka magana da muryar hira, ka ji ko kana fahimta. Ka bar ta a kanka ɗan lokaci kuna ciniki, domin wadda ke matse kai ba ta nuna halinta a minti na farko. Kuma in da hali kada a saya a makonnin da aka sayar da riɗi, lokacin da kowane ɗan kasuwa ya san akwai kuɗi a asusun Bankak ɗin manomi.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisa: mai igiya ko bulutut. Samari na cewa igiya ta tsufa. Ni ina bayan igiya, kuma dalilina wuta ne. A garin da ake kai waya caji wajen mai sola ana biya, ƙara wani abin da shi ma sai an yi masa caji ƙarin nauyi ne. Batirin bulutut ɗan mitsitsi ne, zafi na cinye shi, in ya mutu kuma ba a sauya shi, sai a jefar da duka. Mai igiya ba ta neman komai. Ƙananan wayoyi da yawa ma ba sa kama FM sai an soka ta, don ita ce eriyar. Lokacin da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, abin da ya rage wa mutane shi ne rediyo da abin da ke cikin memori, kuma wanda ke tattalin cajinsa ya san igiya ta fi lasifika sauƙin ci. Abin lura kawai shi ne ramin. Tun da Apple ya cire ramin samma'a daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, don haka mai sabuwar waya ya duba ƙasanta kafin ya ba da saƙo. In ba rami, sai an haɗa da 'yar guntuwar mahaɗa. A duba kan abin sokawar ma: zobe baƙi biyu, ba makirfo, zobe uku, akwai. Manyan buɗaɗɗu galibi biyu ne da su, amma ba matsala, makirfon wayar na nan yana aiki, za ka ɗauki saƙon muryarka kamar kullum.

Inda nake sassautawa shi ne wajen mata. Wata ƙanwata ta ce mini, "Yaya, kai a zaune kake ji. Ni ina tuƙi, ina wanke-wanke, ina ɗaukar yaro, igiyar nan sau nawa ta jawo mini waya cikin ruwa?" Ta fi ni gaskiya. Akwai sababbin na bulutut masu rataya a saman kunne su bar ramin a buɗe, akwai kuma masu tura sauti ta ƙashin gefen fuska, irin na kamfanin Shokz, waɗanda ke da tsada. Masu arahar da ake cewa na ƙashi ne, da yawansu ƙaramar lasifika ce kawai a gefen kunne, amma in kunne na buɗe kuma murya na fita, buƙata ta biya. Ga mai aiki da hannu biyu kusa da wuta da yara, wannan ta fi kowace roba aminci.

Wani abu da ba mu cika kula da shi ba shi ne aro. Samma'a ɗaya ce ke zaga gida, daga kunnen Baba zuwa na jika. Mai robar da ke shiga ciki tana tura dattin kunne can ƙurya, tana kuma iya ɗaukar ciwon wani ta kai wa wani, musamman da damina. Mai zama a waje ta fi tsabta ga gidan taro. Sosonta in ya yi dauɗa a cire a wanke da sabulu a shanya, in ya ruɓe a yanko siriri daga tsohuwar katifa a maye.

Duk wannan magana ba don jin daɗin kiɗa kaɗai nake yin ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma ba da ma'auni: babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, yaro a kan 75. Duk ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci biyu, wato wanda ya ƙure maɓalli cikin mintoci yake cinye rabonsa na mako. Jin da ƙara ya kashe ba ya dawowa, ba allura, ba rubutu. Alamarsa ta farko ƙugin nan ne da mutum ke ji bayan ya cire samma'a, sai kuma ya fara cewa "na'am?" sau biyu a majalisa. Muna da dattawan da tarakta ta cinye wa ji, muna ganin yadda suke zama a gefe ana hira suna murmushi ba su san me ake cewa ba. Ba na son mu ƙara musu 'yan shekara talatin. Ba mu da na'urar auna desibel, amma buɗaɗɗiya na ba mu ma'auni kyauta: in mutum yana tsaye nesan hannu da kai ya yi magana ba ka ji ba, ka wuce gona da iri, rage.

Ku da ke Jidda da Riyad da Alƙahira kuna tambayar tsarabar da za ku aiko, ga ta. Buɗaɗɗiya mai igiya, om 32 zuwa 60, mai maƙalawa ga Inna da masu hula, mai ɗamara ga ɗalibai, ku haɗo da igiya ta biyu da soson sauyi, ku kuma tambayi irin wayar da ke gidan kafin ku biya. In da yaron gidan yana tuƙin tarakta, ku sako masa abin toshe kunne a cikin kwalin.